A maido da masu girkin gida cikin bikin abincin al'ummu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili mu taɓo bikin abincin da ake yi a shekarun baya, inda kowace al'umma da ke zaune a gari kan kafa rumfa ta dafa abincin gidansu, jama'a su zagaya suna ɗanɗanawa. Masu kewarsa suna da yawa, kuma a ganinmu babban abin da aka rasa shi ne mai girkin. A da, wadda ke gaban tukunya a hannun kakarta ta koya. Yaro ya tambaye ta sunan wani ganye, ta murza masa a tafin hannu ta ce ya shinshina. Sunan abincin yana rubuce da hannu a jikin kwali, cikin harshensu. Inda bikin bai mutu ba, galibi an ba 'yan kasuwa hayar rumfunan, rumfa goma duk suya iri ɗaya.

Tsoron gurɓataccen abinci ne ya fi korar masu girkin gida, sai gajiyar masu aikin sa kai, korona kuma ta zo a 2020 ta tsayar da taruka. Tsoron yana da dalili, amma gyaran ba wuya.

Shinkafa tana cikin abincin da kan kayar da mutane. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da dahuwa ba ta kashe irinta. In aka dafa babbar tukunya da asuba aka rufe aka ajiye, tsakiyarta takan yi sa'o'i tana ɗumi-ɗumi, ƙwayar ta hayayyafa ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe wannan gubar. Ka'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a fili take: abinci mai zafi ya zauna sama da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, mai sanyi ƙasa da digiri 5, dafaffe kuma kada ya wuce sa'a biyu a ajiye haka kawai. Nama ya kai digiri 70 har cikinsa. Saboda haka a riƙa dafa shinkafa kashi-kashi, tukunya na ƙarewa wata na sauka. In dole sai an dafa tun jiya, a baza ta a tire, kaurinta kada ya wuce santimita 5, ta huce da wuri ta shiga firji. Na'urar auna zafin abinci guda ɗaya a hannun mutum ɗaya mai zagaye duk bayan awa ta isa rumfuna da dama.

Wani kuskuren shi ne cika faranti. Wanda ya ƙoshi a rumfar farko ba zai leƙa ta biyu ba, ma'anar bikin ta tafi ke nan. A zuba kamar giram 80. Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa kan ba da kusan kilo uku dafaffiya, wato ɗanɗanon mutum 35 ko sama. A sayar da tikiti a ƙofa, don kada hannun da ke zuba abinci ya taɓa kuɗi.

Kowace rumfa ta sami bokiti mai famfo da sabulu, da katakon yanka biyu, na ɗanyen nama daban. A kwalin nan na suna a ƙara rubuta ko akwai gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, alkama ko riɗi, domin akwai waɗanda kaɗan daga cikinsu kan shaƙe musu numfashi, a kuma bayyana irin naman. Man girki in ya kama da wuta, a kashe gas a kifa murfi. Ruwa tarwatsa wutar yake yi.

Sai batun gajiya. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. A Winnipeg ta ƙasar Kanada, bikin Folklorama yana gudana tun 1970, kowace al'umma da zaurenta, kuma masu sa kai ne ke riƙe da shi. A raba aiki awa uku-uku, kowace dattijuwa a haɗa ta da matasa biyu, ɗaya na juya tukunya, ɗaya na rubuta awon kayan haɗin yadda take faɗa.

Mun gode, Allah ya ƙara basira.

Wasu masu aikin girkin taro