Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga Membobin Ƙungiyarmu ta Masu Awon Fili a Gombe

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

An yi tarurrukan wata-wata kamar yadda aka saba, ban da na watan azumi.

Alhamdulillahi, laccar da muka shirya kan guguwar rana ta fitar da mu kunya. Zaure ya cika maƙil, ɗalibai har da masu leƙe ta taga. Malamin fiziks da muka gayyato ya bayyana cewa idan rana ta yi aman iskarta mai caji, takan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ta iso duniya, kuma hukumar nazarin yanayi ta Amurka, NOAA, na fitar da gargaɗi a ma'aunin G1 zuwa G5, wanda shi ne mafi tsanani. Sai dai ba a sanin ainihin ƙarfinta sai ta iso taurarin ɗan'adam masu gadi a nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, abin da yawanci bai fi awa guda ba kafin ta dira. Guguwar 10 ga Mayun 2024 ta kai G5, karon farko tun 2003, har ta rikita GPS ɗin taraktocin manoman Amurka ana tsakiyar shuka. Ya kuma ja kunnenmu cewa a yankinmu, ko babu guguwa, siginar GPS kan rikice bayan magariba. Nan wani dattijonmu ya miƙe ya ce yanzu ya gane abin da ya sa bikon (alamar iyakar fili) da ya kafa ya ƙi daidaita da lissafinsa washegari. Aka yi ta tafi.

Na'urar GPS mai kama zango biyu kuwa, wadda ke rage wannan kuskure, ba mu saya ba. Masu cewa kwamiti ya yi barci su zo su duba littafin ma'aji. Farashin dala ya tashi bayan mun karɓi kiyasi, kuma waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke ba su kai rabinmu ba. Da me za mu saya?

Tura gargaɗin NOAA a zaurenmu na WhatsApp shi ma ya tsaya, domin mutum ɗaya aka bar wa aikin, da datarsa. Abin takaici, waɗanda ba mu gani a taro su ne kan gaba wajen tambayar ko yau za a iya fita aiki.

Duk wanda ake bi bashi ya biya kafin taron Janairu. Kwamiti zai karanta sunayen waɗanda ba su biya ba a ranar.

Sakatare