Zuwa ga Bakanon Manchesta, a kan maganar Auta

Unguwar Dosa, Kaduna.

Assalamu alaikum, Bakano.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Madam da su Ummi. Ya sanyi? Mu ma nan hunturu ya sa mu gaba, da safe in ka hau gadar Kawo ba ka hango ko tasha saboda hazo, leɓen kowa ya tsage. Na san za ka ce sai da buƙata ta taso na tuna da kai. Faɗi abinka, ba ka yi ƙarya ba. Rabona da kai tun barka da babbar Sallah, kuma ko ita sitika na tura maka. Kafin in manta, yaji da kukar da Hajiya ta bayar a kawo muku sun iso kuwa? Kullum sai ta tambaye ni, ni kuma in ce mata suna hanya.

Na zaɓi rubutu ne don in na ji muryarka kunya za ta hana ni faɗin abin da ke bakina.

Auta ya sauka Ingila yau kwana 19. Yana Bradford, an ce awa ɗaya ce tsakaninku a jirgin ƙasa. Bai neme ka ba saboda ni na hana, na ce kada ya dame ka. To ga shi ni zan dame ka da kaina. Har yanzu yaron nan bai samu ɗaki ba. Yana kwana a falon wani ɗan Zariya da suka haɗu a masallaci, shi ma mai ɗakin a ɓoye yake ajiye shi, don yarjejeniyar hayarsa ba ta yarda da baƙo mai daɗewa ba. Jiya da muka yi waya ta bidiyo na gan shi sanye da rigar sanyi biyu, akwatinsa a bayan kujera ko buɗe ta bai yi ba, yana magana ƙasa-ƙasa kamar ɓarawo. Autan da ka sani, wanda in yana dariya a zaure ana ji a bakin titi.

Ba wai ɗakunan ne babu ba. Ya ga guda huɗu. Na ƙarshen fam 550 ne a wata, kusa da makaranta, har ya turo mini hoton tagar. Ya nuna musu izinin zamansa, sun bincika sun gamsu. Sai aka zo kan garanto. Wai sai ya kawo mutum mazaunin Birtaniya, mai aiki, wanda abin da yake samu a shekara ya kai kuɗin hayar wata sau 36, kusan fam 20,000 ke nan, ya sa hannu cewa in Auta ya gaza biya shi zai biya. Na ce ya ba su sunana, ai ina da takardar filina na Millennium City, ina da albashi. Dillalin ya ce da shi, cikin ladabi irin nasu, kotunsu ba ta kamo mutum a Kaduna. Na so in ji haushi, amma da na kwanta na auna sai na ga ko ni ne mai gidan abin da zan ce ke nan.

Abin da ya fi ci mini rai, kafin a ba shi biza sai da muka nuna sama da fam 10,000 na guzuri sun kwana 28 a asusu ba a taɓa ba, ban da kuɗin makaranta, ban da fam 776 na lafiya a kowace shekara. Gonar Baba ta hanyar Birnin Gwari ta tafi a nan. Gwamnatinsu ta duba ta ce ya isa, mai gidan haya kuma ya ce shi bai san wannan ba, yaro ba shi da tarihin biyan bashi a ƙasar. Yaushe ya zo da zai ci bashi har ya biya?

Sun ba shi wata hanya, wai ya biya wata 6 a dunƙule, fam 3,300, ga kuɗin ajiya na mako 5 a kai. Da fam ke wasa da naira 2,000, lissafa ka gani, kai ne Bakano. Ya haura miliyan 6 ban da ajiyar. In ya zuba wannan, me zai ci? Aikin da aka yarje wa ɗalibi awa 20 ne a mako, shi ma bai samu ba tukuna. Kuma Auta ya ce ko wannan ƙofar ta kusa rufewa, don dokar 'yan haya da aka sa wa hannu a Oktoban 2025 za ta hana masu gida karɓar fiye da wata ɗaya gaba, daga watan Mayun 2026. An yi ta ne don sauƙaƙa wa talakansu, na yarda, amma baƙon da kuɗin hannunsa ne kaɗai shaidarsa fa? Mu nan da mai gida ke cewa shekara biyu ko ka kama gabanka, dillali ya yanki la'adarsa, lauya ya yanki tasa, ban taɓa zaton zan ga ranar da za a yi kukan an hana mutum biya gaba ba.

Af, maganar dillali ta tuna mini. Dogo ya zama dillalin gidaje! Dogon da ka sani. Ya buɗe ofis a Kinkinau, da kujera mai juyawa, yana sa babbar riga ranar Talata. Ya ƙara aure kuma, wata 'yar Rigasa, an yi walima majalisa duk mun je, Malam ya ci shinkafa faranti uku yana cewa ba shi da lafiya. An tambaye ka, na ce kana can kana goyon bayan Arsenal a tsakiyar Manchesta, Allah ne kaɗai ke tsare ka.

To, ka dai gane inda na dosa. So nake ka tsaya wa Auta.

Ban faɗi wannan da wasa ba, don na san nauyinsa, na ɗauka a kaina. Ka tuna yaron nan da na tsaya wa aka ba shi Keke Napep biya sannu-sannu? Ban taɓa ba ka ƙarshen labarin ba. Wata biyar yana kawo balas lafiya, sai ya ɓace da keken. Ranar wata Asabar ina shan koko a ƙofar gida sai ga mutum biyu da fayil, suka buɗe, ga hotona, ga sa hannuna, har da lambar katin ɗan ƙasa da na rubuta da birona. Ba su ɗaga murya ba. Shekara guda da wata biyu ana cire mini daga albashi, uwargida ba ta sani ba sai daga baya, kuma ka san abin da ya biyo. Tun ranar na yi rantsuwa ba ni ba tsaya wa kowa. Yau ga ni ina roƙon wani ya yi abin da na rantse ba zan ƙara ba.

Saboda haka in za ka yi, kada ka yi a makance don kunyata. Gidan da ɗakin yake, 'yan haya huɗu ne a ciki. Ka sa a turo maka takardar ka karanta da idonka: in yarjejeniya ɗaya ce ta haɗa su duka, mai tsayawa na iya wayar gari ana bin sa hayar wani ƙaton da bai taɓa gani ba, har da ɓarnar da aka yi wa gida. Sai dai a rubuta ƙarara cewa kason Auta kaɗai ka ɗauka, na wata kaza, ya ƙare ran kaza, ba ya bin sabuntawa. Su kuma kuɗin ajiya doka ta ce a sa su a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, a ba shi shaida. Ni daga nan zan turo maka hayar wata biyu ka riƙe a wurinka, ba a wurinsa ba. Motar zan sayar, dama ta ishe ni da zuwa Panteka.

In kuma ba zai yiwu ba, wallahi ka ce ba zai yiwu ba. Na san kana neman bashin sayen gida, na san Madam na da ta cewa, kuma tana da gaskiya. Akwai kamfanonin da ke tsaya wa ɗalibai a biya su, kuɗin ba ya dawowa, wasunsu ma sai an kawo musu wani ya sa hannu a bayansu, amma wannan ko ni daga nan zan iya. Na kuma ce ya je ofishin kula da ɗalibai ya tambaya, don wasu jami'o'in suna tsaya wa nasu.

Daren jiya na ba Hajiya labarin a taƙaice, ban ce mata a falo yake kwana ba. Sai ta ce ita ba ta ga abin mamaki ba, ai ko zamanin da Kaka ke fataucin goro zuwa Kumasi, ba ka sauka zango ka kama ciniki haka kawai. Sai fatoma ya sauke ka, ya ajiye maka kaya, ya ce wannan baƙona ne, sannan a ba ka goro bashi. In ka gudu shi za a kama. Ta ce, "To shi Auta wane ne fatomansa a can?" Na yi shiru. Ta ce, "Ina ɗan Kanon nan da ke cinye mini ɗumame?"

Ka ga ba ni na kawo sunanka ba.

Dillalin ya ba Auta zuwa Juma'a. Zan turo maka lambar Auta ta WhatsApp, ko ba ka sa hannu ba ka kira shi ka yi masa faɗa a kan cin abinci, burodi da shayi kawai yake sha. Ka gaida Madam, ka ce wa Ummi Baffanta na nan da alkawarin lalle.

Naka,
Bazazzagin da ya fi ƙarfinka.