Littattafan da ke hana barci: da wanne za a fara?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da matasanmu na Aboabo, Asawase da Sabon Zango a nan Kumasi masu sha'awar labaran bincike, waɗanda sukan sayi littafi su ajiye shi tun tafiya ba ta yi nisa ba. Sau da yawa laifin na zaɓi ne.

Waɗannan labarai iri biyu ne, kuma wanda bai bambance su ba zai sayi abin da ba shi yake nema ba. A iri na farko ana ɓoye maka mai laifi, kana bin sawu tare da mai bincike. Uwa a wannan fanni ita ce Agatha Christie, kuma And Then There Were None na 1939 ya isa misali: mutum 10 a tsibiri, babu hanyar fita, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A iri na biyu ka san mugun tun farko, abin da ke riƙe da kai shi ne ko za a cim masa kafin ya aikata. The Day of the Jackal na Frederick Forsyth, 1971, shi ne gwani a nan. An yi hayar maharbi don ya kashe shugaban Faransa Charles de Gaulle a 1963. Kowa ya san de Gaulle a gidansa ya rasu a 1970, amma duk da haka zuciya na dukan uku-uku. Sai dai farkonsa na tafiyar hawainiya, ana ta haɗa fasfo na jabu da ƙera bindiga. Mai gajen haƙuri kada ya fara da shi.

Shawarata a fara daga gida, da Kwei Quartey, likita haifaffen Accra. Idan marubuci ya ce an shiga trotro ko an bi ta Agbogbloshie, ba sai ka wahalar da kai wajen ƙiyasta wurin ba, hankalinka duka ya tafi kan labarin. Littattafansa na ɗan sanda Darko Dawson a bi su a jere. Na farko Wife of the Gods ne, 2009, kan gawar wata ɗalibar likitanci a dajin yankin Volta da al'adar trokosi, wato miƙa yarinya bauta a gidan tsafi don biyan laifin danginta. A cikinsa ne ake warware ɓatan mahaifiyar Darko, don haka wanda ya tsallake shi ya rage wa kansa daɗi. Sai Children of the Street, 2011, kan kisan yaran titi a Accra. Mu mutanen Kumasi, namu shi ne Gold of Our Fathers na 2016: an tura Darko Obuasi, ga galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ga gawar wani ɗan Sin mai haƙar zinariya. Iyaye su sani, Darko na da ɗabi'ar shan wiwi, kuma ana kwatanta gawa ba rufa-rufa. Ba na ɗan firamare ba ne.

The Missing American na 2020 sabon jeri ne, jarumarsa Emma Djan. Wani Ba'amurke da matarsa ta rasu ya biyo soyayyar intanet zuwa Ghana, ya yi ɓatan dabo. Labarin sakawa ne tsantsa, wato damfarar intanet, kalmar da mu Hausawa muka ara wa ƙasar nan baki ɗaya, ko da yake ba abin tinƙaho ba ne.

Wanda karatu ke yi wa nauyi ya nemi My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite, 2018. Wasu babukan shafi ɗaya ne ko biyu. Jarumar nas ce a Legas, ƙanwarta na kashe samarinta, ita kuma tana goge jini.

Da Hausa ma akwai. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina duk a 1982 suka fito, na biyun kan fasa-ƙwauri. Samunsu a nan sai an ba masu zuwa Kano sautu.

Sai batun saye, wanda nan ne ake yawan tafka asara. A wajen masu baza gwanjon littattafai a Adum da Kejetia, kafin ka miƙa sidinka, buɗe bayan littafin ka duba lambar shafin ƙarshe kawai, ka rufe layukan da tafin hannu. Ana ɗinka littafi ne ƙunshi-ƙunshi, galibi shafi 16 ko 32, kuma idan gam ya bushe na ƙarshen ne kan fara zubewa. A littafin Christie da na ambata, amsar gaba ɗaya tana cikin wata takarda da aka jefa teku a kwalba, a shafukan ƙarshe. Idan babu su, ka sayi tambaya ba amsa. Sannan ka bi lambobin tsakiya da yatsa, domin bugun satar fasaha kan maimaita ƙunshi ɗaya ya tsallake wani. Littafin Forsyth kuwa, in ka gan shi siriri da hotuna da tambayoyi a baya, taƙaitaccen bugu ne na masu koyon Turanci. Mai ƙaramin ƙarfi ya leƙa ɗakin karatu na jihar Ashanti da ke harabar Cibiyar Al'adu ya tambayi yadda ake rajistar aro.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka ware mana rabin shafi duk wata don sharhin irin waɗannan littattafai, da sharaɗin kada mai sharhi ya faɗi wanda ya yi kisan.

Naka,
Mai karanta jaridarka kullum,
Aboabo, Kumasi