Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Hidimarmu ga Masu Kwana a Titunan Legas

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Iyayenmu malamai, dattawan ƙungiya, iyaye mata da 'yan uwa baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah. Kwamitin gudanarwa ne ya ɗora mini rubuta muku abin da muka yi daga Janairu zuwa Disamba. Lissafin kuɗin da ya shigo da wanda ya fita yana hannun ma'aji, zai karanta shi dalla-dalla a taron shekara. Ni nawa shi ne in gaya muku yadda aikin ya gudana, da halin mutanen da muka yi wa shi.

Shekarar ta zo da tsanani. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota da na abinci suke ta hawa, kuma mun ga alamar haka a layin karɓar abinci. A da galibin waɗanda muke tararwa mabarata ne, makafi da guragu da tsofaffi. Yanzu majiya ƙarfi sun yi yawa. Akwai 'yan acaɓar da sana'arsu ta mutu tun dokar 1 ga Yuni 2022, wadda ta hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland. Akwai 'yan bola jari, da masu dako a kasuwar Mile 12, da samarin da suka biyo tirelar shanu ko ta albasa daga Arewa da sunan ci-rani, suka iso Legas ba su san kowa ba. Da yawansu suna wuni suna aiki. Abin da suke samu ne ba ya kama ɗaki a garin da mai gida ke neman kuɗin shekara gaba ɗaya, ga na dillali, ga na yarjejeniya.

Rabon abincin daren Juma'a bai tsaya ba, alhamdu lillahi. Ayari ɗaya yana bin gefen layin dogo a Agege, ɗaya Oshodi da Ojuelegba, na uku Ijora da Obalende. Iyayenmu mata masu girki su ne ƙashin bayan wannan aiki, Allah ya saka musu da gidan Aljanna.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. Mun fara da buɗa baki kamar yadda muka saba, kunu da ƙosai da dabino, sai muka lura masallatai da masu hali sun riga mu. Da magariba abinci har ya kan yi saura. Inda babu kowa shi ne sahur. Mutum ya kwana a kan kwali, ba murhu ba tukunya, ya ɗauki azumi da ruwan leda, sannan ya wuni yana tura baro. Daga goman tsakiya muka mayar da rabon zuwa ƙarshen dare. Haka ma zakkar fidda kai: ɗanyen hatsi ba ya amfanar wanda ba shi da inda zai dafa, saboda haka malamanmu suka ba da shawarar a kai wa iyalan da suke da murhu, masu kwanan titi kuma a dafa musu daga kuɗin sadaka. Naman layya ma soyayye muka kai.

Abin da na fi so 'yan uwa su tsaya su duba shi ne littafin sunaye. Mafarinsa wani dattijo ne a Agege da ya riƙe hannun ɗaya daga cikin matasanmu, ya kira shi ɗansa, ya yi masa godiya, sannan ya ce ya daɗe yana cin tuwonmu amma ba wanda ya taɓa tambayarsa sunansa ko garinsu. Maganar ta tsaya mana a rai. Mun kasance muna miƙa leda mu wuce kamar masu sauke farali. Daga wannan mako kowane ayari ya sami littafi. Wanda ya yarda, muna rubuta sunansa, da garinsu, da inda ya saba kwana, da lambar wani nasa a gida. Wanda bai yarda ba, abincinsa yana nan, ba a tilasta masa. Kowane littafi yana hannun mutum biyu kacal, kuma ba a nuna wa kowa a waje. Mun kuma hana ɗaukar hoton fuskar mai karɓa a sa a Facebook ko WhatsApp. Wasu membobi sun ce hoto yana jawo gudunmawa, gaskiya ne, amma mutumin da ke hoton yana da uwa da 'ya'ya a gida waɗanda suke zaton yana da ɗaki a Legas.

Amfanin littafin bai daɗe ba ya bayyana. A bana gwamnatin jiha ta tashi mazauna ƙarƙashin gadoji da dama, har da Ijora da Obalende, kuma a watan Mayu ta sanar da gano ɗakuna 86 a ƙarƙashin gadar Dolphin da ke Ikoyi, inda ake biyan kusan naira 250,000 a shekara. Wannan ya tabbatar da abin da muka daɗe muna ji: ƙarƙashin gada ma ba kyauta ba ne, akwai masu karɓar kuɗin kwana. Ba mu ce wurin ya dace da zaman ɗan Adam ba, ga gobara, ga ƙazanta, ga ɓata-gari. Sai dai wanda aka tasa da safe dole ya kwanta wani wuri da dare. Mutanenmu sun watse, kuma da littafin nan muka bi sawun da yawansu, wasu a tashoshin mota, wasu a rumfunan kasuwa.

Sai ga kwalara a watan Yuni, sai ga ruwan saman 3 ga Yuli da ya wuni yana zuba har tituna suka zama kogi. Mai kwana a ƙasa shi ne na farko da irin wannan ke samu. Mun raba sabulu da ruwan sha mai tsabta, mun koya wa masu fita yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba mai amai da gudawa kafin a isa asibiti. Kowa ya haddace lambobin gaggawa na jiha, 767 da 112. Duk da haka mun rasa wani saurayi mai turin ruwa. An makara wajen sanar da mu, kuma a asibitin da muka fara kai shi aka tsaya batun kuɗin da za a fara biya kafin a duba shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sunansa yana littafi, da lambar yayansa. Mun kira gida, mahaifiyarsa ta ji daga bakinmu, muka yi masa wanka da likkafani da salla, aka rufe shi da sunansa. A shekarun baya mun sha yi wa gawa sutura ba mu san ko ɗan waye ba, kuma na tabbata akwai gidajen da har yau suke jiran dawowar waɗannan bayin Allah.

Mayar da mutane gida ya ci gaba. Ayar rabon zakka a Suratut Tauba, aya ta 60, ta ambaci matafiyin da guzuri ya yanke masa, kuma da yawan mutanenmu wannan ne halinsu. Yanzu ba ma ba da kuɗin mota a hannu. Muna kiran dangi tukuna, mu biya direba, mu haɗa da ɗan abin tsaraba, domin abin da ke riƙe wasu a titi kunyar komawa hannu rabbana ce. Wasu sun zauna, wasu sun dawo bayan girbi, musamman waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu.

A batun jari mun yi kuskure, kuma kwamiti ya ɗauki laifin. A farkon shekara mun ba wasu kuɗi tsaba ba tare da mai tsaya musu ba. Mutumin da ba shi da ƙofar da zai kulle, kuɗi ba ya kwana a jikinsa. Ko a sace, ko yunwa ta cinye. Mun koma sayen kayan aiki, baro ko jarkoki ko akwatin gyaran takalmi, tare da wani ɗan kasuwa daga cikinmu da zai ajiye kayan a shagonsa da dare.

Inda muka fi gazawa shi ne mata da yara, da masu taɓin hankali. Mace mai goyo ba za ta faɗa wa namiji damuwarta da tsakar dare ba, kuma matan da ke fita tare da mu ba su da yawa. Masu larurar ƙwaƙwalwa da waɗanda ƙwaya ta kama kuwa, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Yaba, amma magani yana son mai jinya da mai bibiya, mu kuma ba mu da su.

Wani ya tambaya a taron wata ko abincinmu na Musulmi ne kaɗai. A'a. A ƙarƙashin gada akwai Bayarabe, akwai Inyamuri, akwai ɗan Nijar, kuma ba ma tambayar addinin mutum kafin mu miƙa masa. A Ojuelegba mun tarar da wasu 'yan coci suna irin wannan aiki, muka raba kwanaki da su don kada abinci ya taru rana ɗaya, sauran ranakun a kwana da yunwa.

Roƙonmu ga limamai da kwamitocin masallatai: mun san sata ce ta sa ake kulle ƙofofi bayan isha'i. Amma a masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, akwai Ahlus Suffa, baƙi marasa gida da suke kwana a rumfarsa, cikinsu har da Abu Huraira. Ba mu ce a buɗe cikin masallaci ba. A bar baranda da banɗaki da famfo a lokacin damina, mu za mu kawo mai gadi da mai shara.

Ana sa ran azumin 2025 zai kama a farkon Maris, damina kuma tana biye. Kafin nan muna neman tabarmi, barguna, gidajen sauro da manyan ledoji, da ma'aikaciyar jinya ko da ɗaya ce, da mata masu fita rabo, da matasa masu jin Yarabanci. Mai niyya ya ba sakatare sunansa bayan sallar la'asar ranar taro.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa