Takardar Koke Kan Sare Itatuwa da Halaka Ƙudan Zuma

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma da fatan Allah Ya ƙara maka lafiya, mu talakawanka manoma da masu kiwon ƙudan zuma muna kawo kukanmu gabanka game da ɓarnar da ake yi wa daji, wadda ta sa amyoyinmu suka fara zama fanko.

Ba mu ɗora wa kowa laifin mugunta, domin mun san matsin rayuwa ne ke tura magidanci ya sare itace ya ƙona gawayi. Sai dai itacen da aka sare sau ɗaya ake cin kuɗinsa, alhali kuwa idan yana tsaye, furensa yana ciyar da ƙudan zuma kowace shekara, mai amya kuma ya samu zuma da kaki ya sayar ba tare da ya sayi taki ko ya mallaki gona ba. Sana'o'in da talaka zai iya kamawa da ɗan jari kaɗan irin haka ba su da yawa a wannan lokaci.

Zumar ma ita ce ƙaramar riba. Babban aikin ƙudan zuma shi ne barbarar furanni, wato ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan har tsiro ya yi 'ya'ya. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa kimanin kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gona suna dogara da wannan aiki ko da ta wani ɓangare, wani rahoton masana na ƙasa da ƙasa na 2016 kuma ya ƙiyasta darajarsa tsakanin dala biliyan 235 da 577 a shekara. Mai noman masara zai ce abin bai shafe shi ba, tunda iska ce ke yi masa barbara, amma mai kankana da kabewa da ya ga fure ya zube babu 'ya'ya ya san inda asarar take.

Abin da ya fi damunmu shi ne feshin maganin ƙwari da rana tsaka lokacin da amfani ke fure, domin ƙudan zuma na kwasar gubar ya kai amya. Tarayyar Turai ma ta haramta amfani da wasu magunguna uku a gonakin fili tun 2018 saboda wannan dalili. Mu ba mu nemi a hana feshi ba, muna roƙo ne a umarci dagatai da masu unguwanni su yi shela cewa a riƙa yinsa da yamma bayan ƙudan zuma ya koma, a kuma sanar da masu amyoyi kafin a fara.

Haka nan muna roƙon Mai Girma ya hana cinna wa daji wuta da ƙona amya wajen ɗibar zuma, tunda hayaƙi kaɗai ya wadatar, sannan ya keɓe mana wani yanki na daji da ba za a sa masa gatari ba, mu kuma mun ɗauki alkawarin dasa itatuwa a cikinsa da kula da su.

Allah Ya ja zamaninka.

Mu ne masu biyayya,
Manoma da masu kiwon ƙudan zuma na wannan gunduma