Ina matashi zai koyi rubuta labari a Zariya?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, dan Allah a ba ni ɗan fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci na a rai.

Ni tela ne a Tudun Wada, amma na fi shekara biyar ina rubuta labari a waya ina turawa guruf-guruf na WhatsApp, mutane suna ta yabo har kaina ya fara kumbura. Bara sai na ɗauki wanda na fi ji da shi na kai wa wani darakta a Kano wai a yi fim, bawan Allahn nan shafi uku kacal ya karanta ya miƙo min abina, yace malam wannan ai kyamara ba za ta iya ɗauka ba. Wallahi tun daga Kano har Kwanar Dangora ina mita a cikin mota. Da na dawo na huce na sake dubawa sai naga ashe gaskiyarsa ce, duk shafi ukun nan jarumin yana kwance a ɗaki yana tunani ne, to me za a nuna wa mai kallo, silin?

Daga nan na fara gane cewa littafi daban sikirif, wato rubutun fim, daban. A littafi kana iya shiga zuciyar mutum ka faɗi duk abin da yake saƙawa, fim kuwa sai abin da ido ya gani ko kunne ya ji. In jarumi ba shi da ko sisi ba sai ya tsaya yana cewa wayyo talauci ya ishe ni ba, nuna shi a PZ da rana tsaka mai Keke Napep ya tsaya masa yace a'a je ka kawai motsa jiki nake, ya kama hanya a ƙafa, gumi sharkaf, takalmi ya tsinke yana ja, shikenan kowa ya gane har ma a tausaya masa. Kowane sin kuma, wato fitowa ɗaya a fim, sai ka rubuta a samansa a ina ne, ciki ko waje, dare ko rana, kuma shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a kallo, kaga kenan in ka cika shafi biyu da ina kwana ya gida ya yara ya aiki, minti biyu ka ƙona a banza. Shi ya sa wasu finafinai masu dogon zango a YouTube sai ka tashi ka yi alwala ka dawo ba ka rasa komai ba.

Abin da ya fi ba ni kunya ma, ashe kakata ta riga ni sani. In tace ga ta nan ga ta nanku, kafin ta yi nisa ka san me Gizo yake so, yawanci dai cikinsa ne, kuma ka san wa ya tare masa hanya. Ni kuwa sai in yi babi goma ban san me jarumina yake nema ba.

To Malam Edita ƙorafina shi ne duk wannan a wahale na tsinto shi, nan kaɗan can kaɗan, alhali a Zariya nake. Garin da Hukumar Fassara ta shirya gasar ƙagaggun labarai ta 1933 a ƙarƙashin Baturen nan shugabanta Rupert East, garin da Abubakar Imam ya zo ya zauna a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, kuma ba shi kaɗai a ɗaki ba, da mai duba masa yana cewa gyara nan rage can. A nan aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ga ABU a Samaru da sashen wasan kwaikwayo har da dandalinsu, amma in ba ka ci JAMB ba sai dai ka hango katanga daga cikin bas. Mu masu rubutu a waya, musamman mata da suka fi mu yawa, babu mai ce mana nan kun yi kuskure, sai dai Allah ƙara basira a ci gaba dan Allah.

Ina roƙon malamanmu na jami'a su duba yiwuwar buɗe ɗan kwas na Asabar da Lahadi da Hausa, a saka kuɗi daidai aljihun talaka, ba takardar shaida muke nema ba. Ku kuma jarida ku ware fili ko rabin shafi ne duk mako, a ɗauko rubutun wani a ba gogaggen marubuci ya bi shi da jan biro a gaban kowa. In ana neman wanda za a fara da shi, shafi ukun nan nawa suna nan a ƙarƙashin keken ɗinki, ban yaga ba.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Wani tela mai son rubutu,
Tudun Wada, Zariya.