Su Wa Suka Samar da Ɗigon da Muke Ba Jarirai?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi tsokaci kan yadda kafafen Hausa ke kawo mana labaran ƙasar Indiya. In aka ambaci Indiya a wurinmu, ba ya wuce fim, ko zuwa asibiti dashen ƙoda, ko magungunan da ke jere a kantin kemis. Da kumbonsu Chandrayaan-3 ya sauka a duniyar wata ranar 23 ga Agustan 2023, an ɗan yi ta yayatawa, daga nan sai shiru. Alhali akwai mutane a can da aikinsu ya shigo har ɗakunan matanmu, kuma ban taɓa jin an kira sunan ko ɗaya daga cikinsu a rediyo ba. Ina nufin masana kimiyyar da ke zaune a jami'o'i da cibiyoyin bincike.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti, ɓangaren rigakafi. A watan Agustan 2022 Najeriya ta saka rigakafin rota cikin jerin waɗanda ake yi wa yara kyauta. Ɗigo ne a baki, a sati shida, sati goma da sati goma sha huɗu da haihuwa. Uwa ta kwantar da jaririnta a cinya, mu ɗan matse kumatunsa, mu ɗiga, ya yamutsa fuska ya haɗiye. Sau da yawa uwar kan ce, "Malama, na shan inna ne?" In ce mata a'a, na gudawa ne, wadda kuke cewa haƙori ne ke kawo ta. Duk wanda ya taɓa ganin yaron da gudawar rota ta kama, idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, ana ta laluben jijiyar da za a sa masa ƙarin ruwa an rasa, ya san darajar wannan ɗigon.

To daga ina ya fito? A tsakiyar shekarun 1980, wani likitan yara mai suna M. K. Bhan, a babbar cibiyar koyar da likitanci ta AIIMS da ke Delhi, ya lura jarirai sababbin haihuwa a asibitinsu suna ɗauke da wani nau'in ƙwayar rota, amma ba ta sa su gudawa. Wani zai ga haka ya wuce. Shi sai ya tsaya bibiyar yaran, ya gano cewa sun samu kariya daga gudawa mai tsanani daga baya. Aka yi wa ƙwayar laƙabi da 116E, aka shiga aikin mayar da ita rigakafi tare da masu bincike daga Amurka, da ma'aikatar gwamnatin Indiya mai kula da fasahar halittu, da kamfanin Bharat Biotech na Hyderabad. Gwaji na ƙarshe an yi shi ne kan jarirai kusan 6,800 a Delhi da Pune da Vellore. Cikin waɗanda suka jagoranci aikin a Vellore har da Farfesa Gagandeep Kang, wadda a 2019 aka zaɓe ta cikin ƙungiyar masana ta Royal Society a Ingila. An ba rigakafin lasisi a 2014 da sunan Rotavac, a kan farashin kusan dala ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince da shi a 2018.

Malam Edita, a lissafa a gani: kusan shekara talatin ke nan tsakanin ranar da likita ya lura da abin da ranar da aka fara ɗiga wa yara. Gwamnatoci sun zo sun tafi a Delhi, aikin bai mutu ba, domin akwai cibiyar da ta riƙe shi. Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai.

Ruwan gishiri da sukari ma, wanda kowace uwa ta sani, akwai hannun mutanen nan a ciki. A 1959 Sambhu Nath De, wani masani a Kalkata, ya tabbatar da cewa ƙwayar kwalara dafi take fitarwa a cikin hanji, kuma dafin ne ke tsiyayar da ruwan jiki. Da hanjin zomo ya yi gwajin, a ɗakin bincike marar kayan a zo a gani, kuma har ya rasu a 1985 ƙasarsa ba ta yi masa karramawar da ta dace da shi ba. Sai a 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon da ke Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare. Dakta Dilip Mahalanabis da 'yan tawagarsa suka riƙa haɗa gishiri da sukarin gulukos da bakar soda a manyan durom-durom, suka ce wa dangin marasa lafiya su yi ta ba su suna sha. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Ba shi kaɗai ya ƙirƙiro haɗin ba, wasu sun yi aiki a kansa a Dhaka da Kalkata kafin nan. Amma shi ya nuna wa duniya cewa wanda bai taɓa shiga aji ba ma zai iya ceton ɗansa da kofi da cokali. Ya rasu a 2022, ban ji wata kafar Hausa ta yi masa ko layi biyu ba. Yabon gwani ai ya zama dole.

Cibiyoyin da suka raini irin waɗannan mutane ba jiya aka kafa su ba, kuma ba gwamnati kaɗai ta kafa su ba. Wani likita, Mahendralal Sircar, shi ya buɗe cibiyar raya kimiyya ta Kalkata a 1876 da gudummawar jama'a. A nan ne C. V. Raman, wanda da farko ma'aikacin baitulmali ne yana zuwa bincike bayan an tashi daga ofis, ya yi binciken haske na 1928 da ya ba shi kyautar Nobel a 1930. Cibiyar binciken kimiyya ta IISc da ke Bangalore kuwa, da dukiyar attajiri Jamsetji Tata da filin da Sarkin Mysore ya bayar aka kafa ta a 1909. Ina ma attajiranmu da sarakunanmu za su ji wannan tarihin da harshensu.

Ba wai komai lafiya lau yake a can ba. Abin da Indiya ke kashewa a bincike bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara ba, ɗaliban digiri na uku sun sha yin zanga-zanga kan ƙarancin alawus da jinkirin biyansa, kuma da yawa daga cikin haziƙansu a waje suka yi suna, kamar Venkatraman Ramakrishnan da ya ci Nobel a 2009 yana aiki a Ingila. Hakan ma ya ƙara mini ganin girman waɗanda suka zauna a gida suka duƙufa kan gudawar 'ya'yan talakawa, cutar da ba ta kawo suna da wuri.

Roƙona gare ku shi ne ku ware shafi, ko da sau ɗaya ne a wata, ku riƙa kawo labarin mai bincike guda da abin da ya gano, da Hausar da uwa a karkara za ta fahimta idan ɗanta ya karanta mata. Zai taimake mu ƙwarai a bakin aiki, domin har yanzu akwai magidantan da ke hana a kawo yara rigakafi saboda ba su san inda ya fito ba, ba su kuma san wa ya yi shi ba. Ku fara da Bhan da Kang da Mahalanabis, sannan ku leƙa cibiyoyin bincikenmu na gida, irin ta aikin gona da ke Samaru, ku tambayi malaman wurin me suke yi a kan dawa da wake.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taku,
Wata ma'aikaciyar rigakafi daga Jihar Katsina